Wasan jera bulo: wanne za ka bari a waya, wanne za ka goge?

Shagon caji gare ni a ƙauyenmu, nan ƙasar Taura, da faifan sola biyu a kan rufi da ɗan inji saboda ranar hadari. Kusan duk wayar da ke garin nan sai ta biyo ta teburina sau biyu ko uku a mako, shi ya sa in wani abu ya shigo yayi ni nake fara ganinsa. Tun da aka gama kaka, abin da ya kama mutane shi ne wasan jera bulo: a ba ka allo mai gidaje kamar gurbin dara, a riƙa miƙo maka guntayen bulo kana jerawa, duk layin da ya cika ya ɓace. Samari na yi, masu jiran injin ban ruwa a fadama na yi, har wayoyin matan aure in an aiko yaro da su caji, sau da yawa shi za ka tarar a buɗe.

Ranar Lahadi da yamma, bayan an taso daga kasuwar Gujungu, wani ƙanena da ke koyarwa a firamare ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Yaya, guda huɗu ne a ciki, wayar ta fara nauyi. Wanne zan bari?" Na ce ya ja benci ya zauna, don maganar ba ta tsaye ba ce. Abin da na faɗa masa shi zan shimfiɗa a nan, saboda na san ba shi kaɗai ke wannan tambaya ba.

Abin da nake auna su da shi

Na farko kuɗi. Duk kyauta ake sauke su, ko wani ya tura maka ta Xender, amma kyautar a baki ta tsaya. Kuɗin yana zurarewa ta ƙofa biyu: datar da tallace-tallace ke sha, da kuɗin caji. Mai wuta a gida ba zai ji na biyun ba. Mu a nan, wasan da ya cinye batir kafin la'asar ya ja maka ƙarin naira 100, ya kuma bar ka ba waya a lokacin da za a neme ka.

Na biyu ƙarko, kuma iri biyu nake nufi. Akwai ƙarkon abin da ake wasan da shi, waya ce ko wani abu daban, akwai kuma ƙarkon wasan a zuciya, wato ko bayan wata uku za ka ci gaba da samun sabon abu a ciki, ko ya gundure ka.

Na uku sauƙi: minti nawa baƙo zai ɗauka ya gane, kuma yatsa na iya sarrafa shi a kan ƙaramar waya mai fasasshen gilashi? Rabin wayoyin da nake cajawa gilashinsu a tsage yake, don haka wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Na huɗu haɗari: abin da talla ke jawowa, abin da yaro zai gani in ya karɓi wayar, da lokacin da wasan ke ci.

Na biyar shi na fi ba nauyi. In wasa ya ƙare, kana iya gane inda ka yi kuskure? Wasan da za ka faɗi ka ce rashin sa'a ne kawai, ko shekara ka yi kana buga shi ba za ka ƙaru ba. Wanda za ka iya nuna wurin da yatsa ka ce "nan na kashe kaina", shi ke gyara hannu.

Mai gida 8 sau 8

Wannan shi ya fi yawa a wayoyin mutane, kuma mafi shahara a cikinsu shi ne Block Blast na kamfanin Hungry Studio. Allon gidaje 64 ne. Ana ba ka bulo uku a lokaci guda, ba a kawo wasu sai ka ajiye ukun duka, kuma ba ka da ikon juya ko ɗaya: yadda ya zo haka za ka sa shi. Babu agogo. In aka wayi gari bulon da ke hannunka ba shi da wurin zama, wasa ya ƙare.

Yaran shagona sun raɗa wa kowane bulo suna. Dogon nan mai gida biyar shi ne sanda, mai lanƙwasa lauje, mai kama da harafin T guduma, mai uku sau uku kuma ƙato. Ƙato shi ne mai kashe wasa.

Ta fuskar kuɗi, yana aiki babu intanet. Ka kashe data kafin ka buɗe shi, talla ba za ta samu hanyar shigowa ba. Ka rage hasken allo, ka kashe sauti da girgizar nan da yake yi in layi ya fashe, za ka ga batir ya ƙara jimawa. In ka bar data a kunne kuwa, kusan duk ƙarshen wasa sai an saka maka bidiyon talla, kuma ƙananan wayoyi masu ƙaramin ƙwaƙwalwa a nan suke ɗaukar zafi su fara tsayawa. Sauƙinsa babu na biyu: gidajen manya ne, launuka a bayyane, dattijo ma in ya kalla sau ɗaya ya gane. Abu ɗaya ke rikita baƙo, bulon yana tashi sama da yatsa kaɗan in ka ɗauko shi, don haka inuwarsa a kan allo za ka bi da ido, ba yatsanka ba. In ka saki a wurin da ba shi ba, babu komawa baya.

A nan zan daɗe, domin a wannan allon ne aka fi ganin bambancin gwani da ɗan koyo.

Kwanaki na tsaya a bayan wani yaro yana bugawa. An ba shi ƙato, sanda da lauje. A ƙasan allonsa akwai fili layi biyu mai faɗin gida uku, kuma layin da ke ƙarƙashin filin gida uku ne kawai a cike, daidai saitin filin, sauran biyar a buɗe. Da ya fara sa sanda a wannan layi, layin zai cika ya ɓace, filin nan mai layi biyu ya zama uku, ƙato ya zauna daram. Laujen kuma akwai wani lungu a sama da zai shige. Amma idonsa a kan laujen ya fara sauka, ya ga ya dace da filin, ya jefa shi. Ya sa sanda, layi ya fashe, ya ji daɗi. Sai ga ƙato a hannu babu masauki. Ya ɗago ya ce, "Yaya, wasan nan zalunci yake yi." Na ce masa ba zalunci, tsarin ajiyewa ne ya kuskure.

Duk wanda ya taɓa kallon 'yan lodi a Gujungu ya san ba a fara jefa ƙananan ƙunshi a mota. Buhuna ake fara shimfiɗawa, sannan a cusa ƙanana a saƙo-saƙo. Haka wasan yake. Kafin ka taɓa ko ɗaya, ka dubi ukun, ka samo wa mafi wahala wuri a zuciyarka, sannan ka tambayi kanka ko akwai wanda in ya riga shiga zai buɗe wa sauran hanya.

Ga wani lissafi da ya canza mini hannu. A allo babu komai, ƙato yana da wuraren zama 36. Ka ajiye gida ɗaya tak a tsakiyar allo, ka rushe 9 daga cikinsu. Ka ajiye shi a tsakiyar gefe, 3 ka rushe. Ka ajiye shi a kusurwa, 1 kawai. Wannan ne dalilin da ya sa masu daɗewa a wasa suke gini daga gefe da kusurwa, su bar fili guda babba a haɗe, maimakon ƙananan filaye a warwatse. Bayan kowane zubi na uku ka duba abu biyu: akwai masaukin ƙato? Akwai inda sanda za ta kwanta da inda za ta tsaya? In amsar a'a ce, ka manta da neman maki, aikinka na gaba buɗe fili ne.

Sai giɓi, wato gida ɗaya da aka kewaye ta ko'ina. Mutane na raina shi saboda ƙanƙantarsa, alhali layi biyu yake riƙewa, na kwance da na tsaye, kuma bulon da zai cike shi ba kullum yake zuwa ba. Giɓi uku a allo mai layi 16 sun isa su ɗaure shida. Gara ka ajiye bulo a inda bai share komai ba amma ya bar gefe a miƙe, da ka share layi ɗaya ka bar giɓi biyu.

Maganar maki kuwa, manyan maki daga jerin sharewa suke zuwa. In kana fasa layi a kai a kai ba dogon tsaiko, makin yana hauhawa. Masu gwaninta sukan ajiye layi biyu ko uku saura kaɗan su cika, ta yadda kowane zubi za su samu na fasawa. Sai dai wannan yana nufin zama da allo a cike, kuma a nan kwaɗayi ke kai mutum ƙasa. Shawarata ka yi mako biyu ba ka kallon maki sam, burinka kawai wasa ya yi tsawo. In hannunka ya saba da tsare fili, sannan ka fara neman jeri.

Mai gida 10 sau 10

Wannan ya girmi na sama. Kamfanin Gram Games na birnin Istanbul a Turkiyya ya fitar da 1010! a 2014, kuma masu kwaikwayonsa sun yi yawa. Doka ɗaya ce: bulo uku, ba juyawa, ba agogo. Gidaje 100, layi 20, ƙato yana da masauki 64 a allo babu komai, kuma siffofin bulon ba su da karkace-karkace, daga sanda sai murabba'i sai kusurwa. Wasa yana yin tsawo kuma yana da yafiya, kuskure ɗaya ba ya kashe ka nan take.

Yafiyar ce kuma rauninsa a ma'aunina na biyar. Kuskuren da ka yi yanzu sai can gaba zai kama ka, lokacin ka riga ka manta da shi. Ga kuma ƙanƙantar gidaje: a ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi, musamman da hunturu in yatsa ya bushe, za ka yi ta sakin bulo gida ɗaya gefe da inda ka nufa. A kuɗi da haɗari bai bambanta da na sama ba.

Mai gida 9 sau 9, mai ɗakuna

Woodoku na kamfanin Tripledot da ke Landan da Blockudoku na Easybrain su ne sanannu a wannan gida. Allon gidaje 81 ne, an raba shi ɗakuna tara, kowane ɗaki uku sau uku. Bayan layin kwance da na tsaye, in ka cika ɗaki shi ma yana ɓacewa. Ke nan hanyoyin sharewa 27 ne, ba 16 ba, ba 20 ba.

Kada yawan hanyoyin ya sa ka ɗauka ya fi sauƙi. Bulon da suke bayarwa masu taurin kai ne: akwai mai kama da alamar tarawa, akwai mai baki a buɗe kamar akushi, akwai waɗanda gidajensu a kusurwa kawai suka taɓa juna kamar matakala. Wanda ya taso daga 8 sau 8 yakan yi kwana uku yana bin layi kawai, ya manta da ɗakuna, alhali ɗaki shi ne hanya mafi kusa ta buɗe fili. Daɗinsa yana zuwa ranar da ka iya kallon gida ɗaya ta fuska uku, ka ajiye bulo guda ya tafi da layi da ɗaki a tare.

Dattawan da suka iya dara wannan suka fi so, kuma na gane dalili. Babu walƙiya da hayaniya sosai, launin katako ba ya gajiyar da ido da daddare, kuma tunani yake nema kafin hannu ya motsa. A ƙarkon zuciya ya fi biyun farko a ganina. A sauƙi yana bayansu.

Mai faɗowa daga sama

Wannan shi ne kakansu. Wani masanin kwamfuta a Mosko, Alexey Pajitnov, ya ƙirƙiri Tetris a 1984, zamanin Tarayyar Sobiyet. Siffa bakwai ne, kowace gida huɗu, suna faɗowa cikin rami mai faɗin gida 10 da tsawon 20. Ya zagaye duniya bayan da Nintendo na Japan ya saka shi a na'urar hannu ta Game Boy a 1989. Mu kuwa ta hannun 'yar na'urar robar nan ta Sin muka san shi, mai rubutun 9999 in 1 a goshi, wadda ake sa wa ƙananan batura biyu irin na agogon bango. Har yanzu ana samunta wurin masu kayan wasan yara a birni, kuma wasu ƙananan wayoyi masu madannai suna zuwa da irin wasan a ciki.

Ya sha bamban da sauran ta hanya biyu: kana iya juya bulo, kuma lokaci ba ya jiran ka, gudun ma ƙaruwa yake yi. Gwaninta a nan ita ce ka riƙe saman ginin a baje, ka bar layi ɗaya na tsaye a gefe, in sanda ta zo ka share layi huɗu a bugu ɗaya, kuma idonka yana kan bulon da ke biye tun na yanzu bai sauka ba. A sababbin Tetris ana zuba siffofi bakwai ɗin kamar a jaka ɗaya, sai an rarraba su duka a sake zubi, don haka tsakanin sanda da sanda ba ya wuce bulo 12. A tsohuwar na'urar roba kada ka dogara da wannan.

Zurfinsa ba ya ƙarewa. A Disamban 2023 wani yaro ɗan shekara 13 a jihar Oklahoma ta Amurka, Willis Gibson, ya kai mataki na 157 a tsohon Tetris na Nintendo har wasan ya daskare, shekaru sama da talatin bayan fitowarsa.

A kan wayar shafawa ba na ba da shawararsa, domin yatsa ba ya kai saurin madanni, kuma mai jiran ciniki ko mai sauraron inji ba ya iya ba shi ido gaba ɗaya. A na'urar roba kuwa babu talla, babu data, babu kuɗin caji, batura suna jimawa. Sau ɗaya za ka biya. Rauninta jiki: madannan roba suna mutuwa, in ta faɗi a siminti ta tafi, yawancinsu ba su da haske sai an kunna fitila, kuma in ka bar batura a ciki wata da watanni suna zubar da ruwa su cinye ƙarfen.

Na kwali, wanda ba ya shan caji

Wannan ba a waya yake ba, kuma ni da nake cin abinci da caji nake ce maka ka gwada shi. Shi Pajitnov ɗin ma daga irinsa ya samo tunaninsa: wasan katako na siffofi masu gida biyar-biyar, waɗanda Ba'amurke masanin lissafi Solomon Golomb ya raɗa wa suna pentomino a 1953. In ka haɗa gida biyar gefe da gefe ta duk yadda zai yiwu, kana ɗaukar juyayye da kifaffe a matsayin abu ɗaya, siffa 12 za ka samu, ba ƙari ba ragi. Jimlarsu gida 60.

Kwalin taliya ɗaya, rula, biro da reza sun isa. Ka zana gidaje masu faɗin yatsa biyu, ka yanka. In kana son mai ƙarko, kafinta zai fitar maka da su daga ragowar falanki.

Ana buga shi iri biyu. Kai kaɗai: ka cika akwati mai 6 sau 10 da duka goma sha biyun. Hanyoyin cika shi 2,339 ne, amma samun ɗaya ma sai ka yi zufa, kuma ɗan koyo na iya yin yini bai samu ba. Mutum biyu: a zana allo 8 sau 8, a baje bulon a tsakiya, kowa ya ɗauki ɗaya ya ajiye bi da bi, wanda ya rasa wurin ajiyewa an cinye shi. Wannan na biyun nake so. Wasa ɗaya ba ya wuce ajiya 12, 'yan kallo na sa baki kamar a dandalin dara, kuma abin da yake koyarwa shi ne ainihin abin da wasan waya ke nema: ganin fili, da sanin siffar da za ta shiga da wadda ba za ta shiga ba. A ma'aunina na biyar babu kamarsa, domin in an cinye ka, kana iya ɗage bulo biyu na ƙarshe ka ga da idonka inda ka ɓata. Waya ba ta ba ka wannan.

Rauninsa a fili yake: ba ya shiga aljihu, ba ya ƙirga maki, danshin damina na lalata kwali, awaki na ci, kuma in guda ya ɓata sai ka sake yanka.

Wanda ban sa a layi ba

Akwai masu kama da waɗannan da ake tallatawa cewa kana jera bulo kana tara kuɗi. Wani abokin cinikina ya yi mako biyu a kan ɗaya. Da farko lambar kuɗin na hawa da gudu, da ta kusa adadin da aka ce ana cirewa sai ta koma tafiyar hawainiya, kuma kowane mataki sai ya kalli talla da datarsa. Daga ƙarshe aka nemi lambar asusunsa da BVN. Allah ya sa ya zo ya tambaya kafin ya tura. Ko sisi bai gani ba, datar da ya ƙona kuwa ta tafi. Wasan da ya nemi BVN, NIN ko lambar katin banki, ka goge shi a take.

Ko a wasannin ƙwarai, in data na kunne, ba kai ke zaɓar tallar da za ta fito ba. Akwai ta caca, akwai ta masu ba da bashi da ruwa, akwai hotunan da ba ka so ɗanka ya gani. Wannan kaɗai ya isa dalilin kashe data kafin ka miƙa wa yaro waya. Sai lokaci. Wasan da ba shi da agogo ba shi da wurin tsayawa, "bari in ƙarasa wannan" na iya kai mutum har a tayar da salla, ko har dare ya raba ga sammakon gona. Amma rashin agogon nan shi ne kuma sauƙin, ka kife wayar ka tashi, allon yana nan yadda ka bar shi.

| Wasa | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari | Koyarwa |
|---|---|---|---|---|---|
| 8 sau 8 | Kyauta, sai caji da data | Ƙarkon wayarka. Yana jan hankali | Mafi sauƙi | Talla, cin lokaci | Mai kyau, kuskure na fitowa da wuri |
| 10 sau 10 | Haka | Yakan gundura da wuri | Doka mai sauƙi, gidaje ƙanana | Haka | Matsakaici |
| 9 sau 9 | Haka | Yana jimawa a zuciya | Sai an saba | Haka | Mai kyau ƙwarai |
| Na'urar roba | Saye ɗaya, sai batura | Jiki ba ƙarfi, wasa ba ya tsufa | Yana son sauri | Kaɗan | Saurin ido da hannu |
| Kwali | Kusan babu | Kwali wata kaɗan, katako shekaru | Sai an yanka | Babu talla | Mafi kyau |

To, wa ya dace da wanne?

In lokacinka guntu-guntu ne, jiran mota ta cika a tasha, jiran ruwa ya kai ƙarshen kwami, jiran mai saye a rumfa, ka bar 8 sau 8 ka goge sauran. Haka in wayarka ƙarama ce ko gilashinta a tsage. Guda ɗaya ya isa, tara huɗu ba ya ƙara gwaninta, nauyi kawai yake ƙara wa waya.

In ka riga ka daɗe a kansa har ka ga hannunka ke wasa ba kanka ba, ko kai mai son dara ne, ka koma 9 sau 9. Na 10 sau 10 na wanda ke da babbar waya ne, yana son wasa mai tsawo da ba ya tayar da hankali kafin barci.

In yaro ne ke damun ki da karɓar waya, Hajiya, ki saya masa ta roba in an shiga birni, ki huta da fargabar talla, wayarki kuma ta kai dare da cajinta.

In kuwa gwaninta kake nema da gaske, ko kana da yara da yawa a gabanka, ka haɗa biyu: 8 sau 8 a aljihu, kwali a zaure. Ƙanen nawa haka ya yi. Ya bar guda ɗaya a wayar, ya ɗauki kwalaye biyu daga bayan shagona, ya ce ba zai nuna wa 'yan aji biyar siffofin ba, zai ba su gida biyar-biyar su nemo da kansu. Jiya da ya kawo caji ya ce sun samo goma sha ɗaya, suna ta gardama a kan ko akwai ta goma sha biyu.